Babi na Bakwai: Yadda Laka Take Shan Ruwa, da Yadda Take Karɓar Baƙuwar Iska

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙasar firki ta gabashin Barno da bazara, tsakanin Dikwa da Marte da Ngala, bayan an gama girbin masakwa an kwashe kara, ya san cewa baƙar ƙasar nan, wadda take shimfiɗe kamar faifai iyakar ganin ido, takan dare ta tsattsage ta ko'ina, tsaga ta haɗu da tsaga kamar zanen bayan kunkuru, har akan sami wadda mutum zai zura hannu zuwa gwiwa bai taɓo gindinta ba, jaki kuwa sai ya riƙa duban inda zai sa kofato. In ka ɗauki dunƙule guda ka buga da wani, ƙara za ka ji kamar ta dutse, fartanya ba ta kama shi. Amma ranar da ruwan farko ya sauka, ba ya kwanciya a bisa, tsagogin nan ne suke kwankwaɗe shi ƙurmus. Bayan 'yan kwanaki bakunansu su fara matsowa, su haɗe kamar ba a taɓa yin su ba. Daga nan kuma ƙasar da ta sha ruwa shan raƙumi ta ƙi karɓar ko ɗigo, ruwa ya kwanta a kanta mako da makonni, ta rikiɗe ta zama taɓo mai danƙo, wanda yake cire wa matafiyi takalmi, ya riƙe babbar mota kwana da kwanaki.

Manoman wurin sun daɗe da sanin halinta, sun kuwa yi masa dabara. Sukan ja kunyoyi su tare ruwan damina domin ƙasar ta ƙoshi, su yafa iri a wani wuri dabam. Idan ruwa ya janye da kaka, sai su huda ƙasa da sanda mai nauyi, su zuba ɗan ruwa a ramin, su dasa, su tafi abinsu. Dawar nan kuwa ta yi ta girma cikin hunturu, ba girgije ko ɗaya a sama, tana tsotsar abin da laka ta ajiye mata, har a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu. Fulanin arewacin Kamaru suna ce wa irin wannan fili karal, dawar kuma muskuwari, kuma irin ƙasar ce a Jazira ta Sudan, inda aka kafa babban aikin noman auduga bayan gama madatsar Sennar a 1925. Wanda ba ya shiri da ita shi ne injiniyan hanya, domin ƙasar da take tashi da damina ta sauka da rani ba ta barin kwalta ta zauna lafiya, haka nan bangon siminti in ba a zurfafa harsashinsa ba.

Mas'alar da wannan babi zai bi ita ce: mene ne a cikin wannan ƙasa wanda babu shi a rairayin jigawa, kuma mene ne ya sa a zamaninmu malaman kimiyya na Norway da Holan da Amurka suka duƙufa a kanta, suna auna numfashinta da ma'aunin da ya fi gashi siriri sau dubbai.

Bahaushe bai taɓa haɗa ƙasa wuri guda da suna ɗaya ba. Ya san rairayi, ya san birji, ya san laka da taɓo, ya san yumɓu na maginin tukwane, ya san farar ƙasa ta shafen ɗaki, kamar yadda Balarabe ya bambanta turabi da ɗinu da salsalu. Masana ƙasa su kuma da girman ƙwaya suka fara rarrabewa, suka ce duk ƙwayar da faɗinta bai kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba, ita ce yumɓu. Kuma da yake madubin ƙara girma na da ba ya nuna siffar abin da ya kai haka ƙanƙanta, an daɗe ana zaton yumɓu wani irin ƙullu ne kawai, marar tsari, marar fasali. A 1930 ne aka warware wannan zato, lokacin da waɗansu masana biyu na Amurka, Hendricks da Fry, suka haska yumɓun gona da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, suka ga hasken yana dawowa a jere bisa ƙa'ida, abin da ba ya faruwa sai in ƙwayoyin zarra suna zaune sahu-sahu. A shekarar kuma Linus Pauling ya bayyana yadda ginin wannan dangi na ma'adinai yake, sannan a 1933 Hofmann da Endell da Wilm, a Jamus, suka nuna cewa akwai wani jinsi daga cikinsu wanda ginin nasa yake buɗewa ya rufe gwargwadon ruwan da ya samu.

Ba ni da misalin da ya fi kusa da wannan gini kamar littafin malamanmu na zaure, wanda ba a ɗinke shi ba, warƙa bisa warƙa kawai, a ɗaure da tsirkiya a sa a gafaka. Ƙwayar yumɓu guda tarin warƙoƙi ce haka, sai dai kaurin warƙa ɗaya bai wuce nanomita guda ba, wato sai an jera miliyan ɗaya bisa juna kafin su kai milimita. Fallen takardar da kake riƙe da shi yanzu, ya kai mai karatu, ya yi kaurin warƙoƙin yumɓu wajen dubu ɗari. Kowace warƙa kuma ba abu ɗaya ba ce: akwai shimfiɗa ta silikon da oksijin, akwai shimfiɗa ta alminiyam, kuma yadda aka haɗa shimfiɗun nan shi ne asalin saɓanin ɗabi'a tsakanin yumɓu da yumɓu.

Farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, da ta Alkaleri a Jihar Bauchi, wadda ake kira kawolin da sunan wani tudu na ƙasar Sin kusa da birnin masu tangaran, Jingdezhen, warƙarta shimfiɗa biyu ce, silikon a fuska ɗaya, alminiyam a ɗayar; kuma fuskar wannan warƙa tana kama bayan waccan kamun da ruwa ba ya iya raba su, saboda haka ko ta kwana a ruwa, jiƙa kawai za ta yi daga waje, littafin yana nan a rufe. Wannan natsuwa ita ce abin da maginin tukwane yake nema, domin yumɓun da ya cika kumbura da ruwa shi ne yake cika tsukewa in ya bushe, tukunya ta tsage tun ba ta ga wuta ba. Shi ya sa ake sirka yumɓu mai danƙo da rairayi ko dakakken tsingaro, kamar yadda magini yake cuɗa ƙasar gini da busasshiyar ciyawa. Ladi Kwali, wadda hotonta yake kan takardar naira ashirin, ta san wannan da tafin hannunta tun kafin ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954. Idan kuwa tukunya ta shiga wuta, zafi ya haura digiri 500, to, wani ruwa na daban wanda yake cikin ainihin ginin warƙar yakan fita, fitar da ba komowa, shi ya sa randa take shekara da ruwa a cikinta ba ta koma laka ba.

Yumɓun firki ba haka yake ba. Mafi yawansa daga dangin da ake kira simektait ne, shahararren ɗansu kuwa shi ne montmorilonait, wanda ya ci sunan garin Montmorillon na Faransa, inda aka fara siffanta shi a 1847. Warƙarsa shimfiɗa uku ce, alminiyam a tsakiya, silikon sama da ƙasa, saboda haka in aka ɗora warƙa bisa warƙa, fuska biyu iri ɗaya ne suke duban juna, ba abin da zai ƙulla su da ƙarfi. Sannan akwai wata illa a cikin ginin, wadda ita ce mabuɗin al'amarin duka: a nan da can, a gurbin da ya kamata alminiyam ya zauna, sai magniziyam ya zauna, alhali cajinsa bai kai na mai gurbin ba. Caji kuwa, kamar yadda kowa ya gani a kawunan batir, iri biyu ne, na ƙari da na ragi, kowane yana jan kishiyarsa. To, wannan musanya takan bar warƙa da gibin caji na ragi, gibin da ba ya cikuwa daga ciki, sai dai ta jawo ƙwayoyi masu cajin ƙari, irin su sodiyam da kalsiyam, su zauna a tsakanin warƙa da warƙa kamar 'yan haya. Na ce 'yan haya ne domin ana iya tashinsu a sa waɗansu. Tun a 1850 wani mai gona a Yorkshire, H. S. Thompson, da masanin sinadarai J. Thomas Way, suka lura cewa in aka tsiyaya ruwan gishirin amoniya ta cikin ƙasar gona, amoniyar takan maƙale, kalsiyam ya fito a madadinta, shekara tamanin kafin a san dalili. Albarkar fadama, da riƙon da take yi wa taki, daga nan suke.

Ƙwayar ruwa a lanƙwashe take kamar baka, oksijin a tsakiya da ɗan cajin ragi, haidurojin biyu a gefe da ɗan cajin ƙari; saboda wannan lanƙwasa, duk inda ta ga ƙwaya mai caji sai ta juya mata fuskar da ta dace ta manne, 'yan'uwanta su zo su kewaye ta kamar fadawa. To, da yake 'yan hayar nan suna can ciki tsakanin warƙoƙi, ruwa ba shi da hanyar isa gare su sai ya ɗaga warƙar sama, ɗagawar kuwa aiki ce mai tsada, domin warƙoƙin suna jan juna ta hanyar 'yan hayar. Amma shauƙin ruwa ga sodiyam da kalsiyam ya fi ƙarfin wannan ja, sai ya biya kuɗin ya shiga. Abin sha'awa a nan shi ne shigar ba ta zuwa a hankali kamar cikar tulu, hawa-hawa take zuwa kamar matakalar soro: busasshen yumɓu, daga warƙa zuwa warƙa, nanomita ɗaya ne, in sahu ɗaya na ruwa ya shiga, ya koma kamar 1.25, sahu biyu, wajen 1.5, sahu uku, wajen 1.8 zuwa 1.9. Idan 'yan hayar kalsiyam ne, wanda cajinsa biyu ne, yana riƙe da warƙar sama da ta ƙasa da hannu bibbiyu, to, a nan kumburin yake tsayawa. Idan kuwa sodiyam ne, mai caji ɗaya, ruwan kuma ba mai gishiri ba ne, sai ƙofa ta ɓalle gaba ɗaya, warƙoƙi su yi ta nisantar juna ninki bisa ninki, kamar yadda Norrish ya auna a 1954, har littafin ya watse ya zama kamar kamu.

Ana iya ganin wannan da ido. Bentonait, wato yumɓun da ya samu daga tsohuwar tokar aman wuta, wanda Wilbur Knight ya raɗa wa suna a 1898 a Wyoming ta Amurka, masu haƙar burtsatse suna zuwa da shi a buhu, gari ne mai laushi kamar na alkama. Ka zuba cokali guda a kofin gilashi mai ruwa, kada ka motsa, ka bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar abin da ya kwanta a gindi jiya ya taso ya ninka kansa sau goma ko fiye, ya yi santsi kamar miyar kuɓewa, in ka karkata kofin sai ya tsaya cik, in ka kaɗa shi ya saki jiki ya gudana. Saboda wannan hali ne ake kwaɓa shi a tura ramin haƙa, ya ɗauko ɓarɓashin dutse, ya shafe bangon ramin kada ya rufta. Saboda shi ne kuma mutanen Finlan suka zaɓe shi ya kewaye tukwanen tagulla na sharar nukiliya a Onkalo, fiye da mita 400 a ƙarƙashin ƙasa. Bentonait ɗin da ake samu a arewa maso gabashin Nijeriya galibi mai kalsiyam ne, ba ya kumbura sosai sai an cuɗa shi da soda, ta kori kalsiyam ta zaunar da sodiyam. Sodar nan kuwa ita ce jigon kanwar da take cikin kowane madafi namu.

Kafin mu wuce, akwai wani bambanci da ya wajaba a tsare shi. Gishirin da ya narke a miya ya shige ta, ya ɓace a cikinta. Amma hayaƙin turaren wuta da ya kama riga bai shiga cikin zaren ya zama zare ba, a fuskarsa ya laƙe, in aka shanya rigar a iska sai ya tafi. Abin da yumɓu yake yi wa ruwa da iska na biyun ne, bari mu kira shi riƙon fuska. Kuma da yake riƙo ne na fuska, yawansa yana bin yawan fuskar. A nan ne simektait ya yi wa sauran fintinkau, domin in aka lissafa ciki da bayan kowace warƙa, giram ɗaya yana da fuskar da ta kai murabba'in mita 750 zuwa 800, wato giram goma sun shimfiɗe filin ƙwallo, alhali kawolin, da yake littafinsa a rufe yake, ba ya wuce goma zuwa ashirin.

Yanzu sai baƙuwa. Iskar kabon dayoksaid, wadda za mu taƙaita mu ce iskar kabon, ita ce take fita daga numfashinmu da kowace wuta, ta itace ko ta gawayi ko ta fetur. Ba ta da launi, ta fi iskar sarari nauyi da kamar rabi, shi ya sa take taruwa a gindin tsohuwar rijiya, masu yasa su fara zura fitila, in ta mutu su fasa sauka. Wanda yake son sanin iyakar sharrinta in ta fito da yawa lokaci guda, ya tuna daren 21 ga Agusta 1986, da tafkin Nyos na Kamaru ya amayar da ita, ta gangara kwaruruka ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobinsu. A sararin sama kuwa, kafin zamanin injuna ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba. Lokacin da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958, ta kai wajen 315. Yau ta haura 420, kuma ita ce babban sababin ɗumamar duniya.

Daga cikin dabarun da aka kawo domin rage ta akwai mayar da ita inda ta fito. A 1996 kamfanin Statoil na Norway, wanda yake haƙo gas a filin Sleipner cikin Tekun Arewa, gas ɗin kuma yana fitowa gauraye da iskar kabon wajen kashi tara cikin ɗari, ya ga cewa harajin da gwamnatinsu ta ɗora tun 1991 a kan sakin ta sama ya fi kuɗin binne ta. Sai ya fara tace ta yana tura kusan tan miliyan ɗaya kowace shekara cikin wani dutsen yashi mai ruwan gishiri da ake kira Utsira, wajen mita 800 zuwa 1,000 a ƙasa. Ba a zaɓi wannan zurfi da ka ba: idan zafi ya wuce digiri 31, matsi kuma ya kai kusan ninki 73 na nauyin iskar da ke bisa kanmu, iskar kabon takan shiga wani hali na tsaka-tsaki, ta yi nauyi kusa da na ruwa, ta kuma riƙa kutsawa kamar iska, girmanta ya ƙanƙance fiye da ninki ɗari biyu. Sai dai duk da haka ba ta kai ruwan gishirin nauyi ba, saboda haka kullum sama take nema, kamar mai a kan miya, ba abin da yake tsare ta sai murfin da ke bisa dutsen yashin. Murfin nan kuwa tsohuwar laka ce da ta kwanta a gindin teku ta daskare, cike da ma'adinan yumɓu. Hotunan da aka ɗauka da amon girgiza a Sleipner sun nuna cewa ko siraran shimfiɗun laka da ke cikin yashin kansa, waɗanda kaurinsu bai fi mita ɗaya ko biyu ba, sun isa su tare ta, har ta rarrabu ta yi hawa tara kafin ta kai ga babban murfin.

Ke nan amanar duka a wuyan laka take, kuma dole a tambaya: in iskar nan ta zauna a ƙarƙashin murfi shekara dubu tana gogar sa, me za ta yi wa warƙoƙinsa?

A wajen 2012 aka fara samun amsa mai ƙwari, daga gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Illinois da ke Chicago, da wani babban ɗakin binciken gwamnatin Amurka da ke Richland a Jihar Washington, inda aka sa montmorilonait cikin ƙaramin akwatin ƙarfe mai jure matsi, aka danna masa iskar kabon, ana haska shi da eksire ana duban tazarar warƙoƙi. Ƙwayar wannan iska miƙaƙƙiya ce kamar tsinke, kabon a tsakiya, oksijin a kowane kai, bakin nan daidai da bakin can, saboda haka ba ta da fuskar ƙari da fuskar ragi irin na ruwa, jan da take yi wa sodiyam kuma rarrauna ne, bai isa ya biya kuɗin ɗaga warƙa ba. Natijar farko ke nan: in yumɓu mai sodiyam ya bushe ƙarau, warƙoƙinsa sun haɗe, ko an tsananta matsi iskar ba ta shiga, sai dai ta laƙe a bayan littafin da gefunansa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Amma in akwai ɗan ruwa a ciki, wanda bai cika sahu ɗaya ba, ƙwayoyin ruwa sun kewaye 'yan haya nan da can sun tokare warƙa kamar ginshiƙan azara, tsakaninsu kuma akwai fili, to, sai baƙuwa ta sulale ta shiga, ta kwanta a kwance tsakanin ginshiƙan, domin kaurinta ya yi kusan daidai da na sahu ɗaya na ruwa. Ta cike guraben da suka rage, ta ƙarasa buɗe warƙoƙin da suka tsaya rabi da rabi, har aka auna ƙarin tazara da ya kai kusan kashi tara cikin ɗari. In kuwa ruwan ya ƙaru ya kai sahu biyu, sai al'amarin ya sake juyawa, domin 'yan haya sun fi son ruwa, shi kuma ya cika ɗakin, baƙuwa ta rasa wurin shimfiɗa tabarma, abin da yumɓun yake riƙewa nata ya ragu ƙwarai. Da ɗan gari akan ci gari. Ruwa ne ɗan gari a nan, shi yake buɗe mata ƙofa in ya yi kaɗan, shi ne kuma yake korar ta in ya yi yawa. An sami togaciya guda: in aka musanya 'yan hayar da manyan ƙwayoyi irin na siziyam, waɗanda girmansu kaɗai ya isa ya tokare warƙa, iskar takan shiga ko babu ruwa, sai dai wannan yumɓun ɗakin gwaji ne, ba shi ne a ƙarƙashin teku ba.

Akwai kuma fuska ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Iskar da ake turawa rijiya an busar da ita tun a sama, domin in tana da laima takan zama tsami ta ci bututun ƙarfe. Busasshiyar iskar kabon kuwa, a wancan hali nata na tsaka-tsaki, tana da ƙishirwa, tana ɗaukar ɗan ruwa ta tafi da shi. An gwada yumɓu mai kalsiyam da sahu biyu na ruwa, aka ratsa shi da ita, sai ta zare masa sahu guda, warƙoƙi suka matso, ya tsuke. Wato abin da ranar bazara take yi wa firki a fili, busasshiyar iska tana iya yin irinsa ga murfi a kusa da bakin rijiya, inda ta fi yawa kuma ta fi bushewa. Ga shi kuwa laka a wancan zurfi, saboda nauyin da ke kanta, ba ta riƙe da ruwa mai yawa a tsakanin warƙoƙi, sahu ɗaya ne ko biyu, daidai iyakar da ƙaramin canji yake juya hukunci. In aka ƙara nutsawa, zafi ya daɗu, simektait ɗin kansa yakan rikiɗe a hankali ya zama ilait, wanda fotasiyam ya kulle warƙoƙinsa, ba ya kumbura ba ya tsukewa.

Kumburin ma kansa ba a yi masa hukunci guda. Yumɓun da yake cikin gilashi yana da sararin tashi, amma wanda dutsen mita dubu ya danne ba shi da inda za shi, sai kumburin ya koma tunkuɗa, masu binciken Jami'ar Utrecht ta Holan kuma sun auna wannan tunkuɗa sun ga ba abin rainawa ba ce. In akwai siririyar tsaga a murfin, tunkuɗar tana iya matse bakinta ta toshe, kamar yadda firki yake rufe nasa da damina, wannan alheri ne. In kuwa akwai tsohon karayar dutse da take jiran ɗan dalili ta motsa, tunkuɗar tana iya zama dalilin. Murfi kuma yana da abokan gaba ban da wannan: a In Salah, cikin hamadar Aljeriya, an tura tan miliyan 3.8 tsakanin 2004 da 2011 a ƙarƙashin murfin laka mai kaurin ɗaruruwan mita, tauraron ɗan'adam ya ga doron ƙasa yana tasowa da 'yan milimitoci a kan rijiyoyin, alamu suka nuna matsin turawar ya fara tsaga gindin murfin, aka dakatar da aikin.

Nakan ji waɗansu suna zuzuta wannan riƙo da yumɓu yake yi wa iskar kabon, har suna kwatanta shi da rumbun da zai haɗiye hayaƙin duniya, ni kuwa ban ga hujjar wannan ba. Riƙon fuska ne, mai rauni, yana tare da matsi, in matsi ya sauka ya saki. Kuma duniya tana fitar da wajen tan biliyan 37 a shekara daga ƙona man fetur da gas da kwal da yin siminti, Sleipner kuwa, da duk shahararsa, abin da ya binne a shekara bai taɓa wuce wajen miliyan ɗaya ba. Darajar laka a wannan aiki darajar murfi ce: ta rufe, ta jinkirta abin da ya kutso cikinta, ta ɗinke ƙananan tsagoginta da kanta in ruwanta ya daidaita.

A yankin Neja Dalta, inda dutsen yashi da dutsen laka suke jere bisa juna hawa-hawa, inda kuma laka ta tsare mai da gas shekaru miliyoyi kafin a huda ta, ba mamaki wata rana a zo mana da shawarar mayar da iskar kabon cikin rijiyoyin da suka ƙafe. Ranar da aka zo, kafin a sa hannu a takarda, ina roƙon wakilanmu su nemi a kawo musu gutsuren murfin kansa daga ƙarƙashin ƙasa, a ba masana na jami'o'inmu su auna, su faɗa mana wane jinsin yumɓu ne a ciki, su wane ne 'yan hayarsa, kuma sahu nawa na ruwa yake riƙe da shi.